Shekarar da Rabi Ta Zauna a Siton Albasa

Ku 'ya'yana da jikokina, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so in gyara ta tun da sauran numfashina. Duk wanda ya ratsa layin 'yan albasa na Illela da safe zai ga 'yan dako sun yi da'ira a ƙofar sito, mai sito yana cikinsu, ana magana kafin kowa ya taɓa buhu. In baƙo ya tambaya, sai a ce masa ai tsarin Ummaru Heluma ne. Na ji wasunku ma suna faɗin haka da alfahari. To, ba nawa ba ne. Ni ne ma mutum na farko da ya yi masa dariya. Na Rabi ne, ɗiyar yayana Alhaji Mu'azu, kuma ga yadda abin ya faru.

Na fi shekara talatin ina heluma a siton yayana, wato ni ne shugaban 'yan dako da matan da ke zaɓen albasa. Muna sayen albasa daga manoman Kalmalo da na kewaye lokacin da take banza, mu ajiye ta har ta yi daraja da damina, sannan motoci su ɗauka su tsallaka iyaka da ita. A duk waɗannan shekaru kayan aikina ɗaya ne, muryata. Ana cewa in na daka tsawa a sito, masu shayi na tasha suna ɗaga kai. Na yarda a raina cewa ɗan dako in ka sake masa fuska, gobe a kanka zai hau. Yayana bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, kuma abinci bai taɓa yankewa ba, amma duk da haka in na juya baya sai aiki ya mutu, in kaka ta zagayo kuma sai in ga rabin fuskokin sababbi ne. Kowace shekara albasa mai yawa tana ruɓe mana. Mukan ce ƙaddara, mu kwashe mu zubar.

Babban ɗan Alhaji shi ne Lawali. A ɗakina ya tashi, innarku Hauwa ce ta goya shi, don haka ban taɓa bambanta shi da ku ba. Mutum ne mai zuciya da ƙwazo, shi ke bin motoci har inda ake sauke kaya. Shi ne ya matsa aka gina mana sabon sito na bulo da rufin kwano da ƙofar ƙarfe, aka shafa masa fenti shuɗi. Babu irinsa a layin. In baƙi sun zo, nan yake fara kai su.

A shekarar da aka fara rufe iyaka, tun kafin rufewar, ana tsakiyar cirar albasa, ɓarin jikin Alhaji ya shanye. Harshensa ya yi nauyi, magana ta koma gunaguni. Rabi ƙanwar Lawali ce, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Sakkwato, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu. Ta ɗauki hutu ta dawo gida jinyar ubanta. Cikin ikon Allah, a duk gidan ita kaɗai ke gane abin da yake faɗa. Alhaji kuwa ko a kwance hankalinsa yana sito, ga Lawali kullum a hanya. Sai ya riƙa turo ta kowace safiya ta ga abin da ake ciki, ta koma ta ba shi labari.

Mako guda tana zuwa ta zauna a kan benci da hijabinta ruwan toka, ba ta ce wa kowa komai ba ban da gaisuwa. Na ɗauka kunya ce. Ashe kallo take. Ran nan ta kira ni gefe.

"Baffa, wancan dattijon mai jan rawani, mi sunanai?"

"Ɗan Kalmalo ake ce mai," in ji ni.

"Shekara nawa shina aiki nan?"

"Ya haura goma."

"Kuma ba ka san sunan da ubanai ya raɗa mai ba?"

Ba da gatse ta faɗa ba, tambaya ce kawai, amma sai na ji kamar an taka mini yatsa. Sunansa Tunau. Kafin kwana uku ta haddace sunan kowa, maza da mata, har da sanin wanda matarsa ke da tsohon ciki da wanda bayansa ke ciwo. Daga nan ta ce tana neman izinina a riƙa tsayawa kowace safiya na ɗan lokaci kaɗan, kowa da kowa, kafin a fara aiki. Ta ce a asibitinsu haka suke yi in masu kwana za su miƙa wa masu wuni. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce mata nan ba asibiti ba ne, buhu ba ya jin wa'azi. Ta ce in bar ta ta gwada, in bai yi ba ta daina. Na bar ta don darajar ubanta, ba don na ga wani amfani ba.

Tambaya ɗaya take yi: "Mi ya hana ku aiki jiya?" Safiyar farko babu wanda ya ce uffan. Ta biyu ma haka. Kowa ya sunkuyar da kai, in ya ɗago sai ya saci kallona. Ni kuwa ina tsaye a bayanta, hannu a ƙugu, ina jin daɗin shirun. A ta uku ta juyo ta ce, "Baffa, ga benci, huta." Da na zauna, sai wata tsohuwa cikin masu zaɓe, Ige, ta ce rana na dukan su tun daga hantsi, shi ya sa idonsu ke rufewa har ruɓaɓɓiya ta wuce cikin mai kyau. Ni na san da wannan, na daɗe ina zagin su a kai. Rabi ba ta yi dogon bayani ba. Kafin azahar ta sa an ciro rumfar da ke bayan sito, wadda ba ta amfana wa kowa komai sai awaki, an kafa ta a kan masu zaɓe. Daga baya na gane a nan sirrin yake. Ba tambayar ba ce, yin abin a ranar ne. Washegari bakin kowa ya buɗe. Wani ya ce igiyar ɗaure kaya ta ruɓe. Wani ya ce katakon da ake takawa a hau mota da buhu yana rawa. Mutum biyu sun taɓa faɗowa daga katakon nan, na ce musu ragwaye. Rabi ta taka shi da kanta, babu ko buhu a kanta, ta sauko ta dube ni kawai. Aka kawo kafinta.

Ban ji daɗi ba, kada ku ɗauka na ji. Gani nake kowace magana da aka faɗa a da'irar nan ƙarata ake kai wa. Wata rana na zazzage wani magidanci a gaban mutane saboda ya yar da buhu. Rabi ta jira sai da kowa ya watse, sannan ta ce:

"Baffa, in za ka yi ma mutum faɗa, ja shi bayan zana. In za ka yabe shi, bari kowa shi ji. Mutumin ga na da ɗiya, kuma wasu cikin masu kallo surukkainai na."

Na koma gida ina huci, na zauna ina ba innarku labari, ina jiran ta taya ni. Tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Yarinyar ga da gaskiyarta," in ji ta. "Ni da nike gidanka shekara arba'in, yaushe ka taɓa tambayata mi ya dame ni? Da muryar kasuwa kake shigowa, har kaji sun san sallamarka."

Na ture kwanon tuwo na fita. Amma maganar ta bi ni har masallaci.

Ana haka albasar ajiya ta fara shigowa gadan-gadan. Lawali ya bugo waya ya ce a zuba ta duka a sabon sito. A da'irar safe Rabi ta sanar, sannan ta lura Tunau ya buɗe baki ya sake rufewa. Ta kira sunansa.

"Malam Tunau, akwai magana bakinka."

"Babu, Hajiya."

"Akwai. Muna saurare."

Ya daɗe yana murza bakin rawaninsa, sannan ya ce, "Na taɓa hwaɗi, tun ana ginin. Anka ce min an ɗauke ni ɗaukar buhu, ba a ɗauke ni tunani ba."

Bai dube ni ba, amma babu wanda bai san bakin da maganar ta fito ba. Ni na manta na faɗa, shi kuwa shekara uku tana ransa. Rabi ta ce yanzu an ɗauke shi tunani, ya faɗa. Sai ga mutumin da ban taɓa jin jimla biyu a jere daga bakinsa ba yana bayani kamar malami a zaure. Ya ce albasa rai gare ta, numfashi take. Kwano yana dafa ta da rana, siminti yana yi mata gumi daga ƙasa, buhu kuma yana shaƙe ta. Ya ce su a Kalmalo tun kakanni rudu suke yi: a kafa gado na itace sama da ƙasa, a kewaye da kara, a rufe da ciyawa, a zuba albasa a warwatse bayan wuyanta ya bushe, iska tana ratsa ta ko'ina. Na san rudu, wa bai san shi ba? Amma mun ɗauke shi abin ƙauye, abin wanda ba shi da halin yin gini.

Da Lawali ya dawo ya ji, gari ya yi zafi. Ya ce a sallami Tunau a ranar. Ya ce ƙanwarsa ta mai da sito majalisa, kuma wa ya sani ko maganar da take cewa ta Alhaji ce daga cikinta take ƙago ta, tunda babu mai ganewa sai ita. Wannan ta yi wa Rabi ciwo, na ga idonta ya kawo ruwa, amma ba ta rama ba. Aka ce a haɗu a ɗakin Alhaji bayan la'asar. Yana kwance an tallafe shi da matasai, mahaifiyarsu tana zaune a bakin gado, ni da Lawali a kan tabarma, Rabi a tsaye jikin bango. Lawali ya gama zubar da abin da ke cikinsa, sannan ya juyo gare ni da fuskar wanda ya san bayansa a rufe yake.

"Baffa, kai ka san aikin ga tun ba a haihe mu ba. Hwaɗa musu."

Ku sani, a lokacin nan babu abin da ya fi mini sauƙi irin in bi shi. Ɗana ne. Tsarinsa tsarina ne. In na ce a kori Tunau, da'ira ta mutu, muryata ta dawo, kowa ya koma inda yake. Amma na tuna albasar da muka zubar bara da bara waccan daga siton nan, wadda ta fi ta kowace shekara yawa, na kuma tuna ni na rufe bakin mutumin da ya so ya hana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na dubi yayana na ce:

"Alhaji, Tunau ya hwaɗa min tun ana aza kwano, ni na hana shi magana. Asarar da munka yi shekara biyu, da hannuna ciki. In korar wani za a yi, da ni ya kamata a fara. Kuma Rabi ba ta taɓa ƙara ko kalma bisa maganarka ba, na shaida."

Lawali ya dube ni kamar bai san ni ba.

"Baffa, ni za ka kunyata saboda ɗan dako?"

Sai Alhaji ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya miƙe yatsu biyu, ya raba su. Wannan ba ta bukaci fassarar Rabi ba. A raba albasa biyu: rabi a siton kwano, rabi a rudu. Lawali ya tashi ya fita, ko takalmansa bai tsaya sawa daidai ba.

Washegari Rabi ta tsaya a da'ira ta ce aikin rudu na Malam Tunau ne, abin da ya ce shi za a yi, kuma kowa a ƙarƙashinsa yake har a gama. Ta dube ni da ta ce kowa. Haka na ɗauki damin kara a kaina, ni Heluma, na ratsa layin 'yan albasa. Abokaina na shekaru suka fito ƙofar situnansu suna tafi. Wani ya ɗaga murya ya ce in na gama akwai buhu goma a wurinsa. Na haɗiye. Tunau kansa kunya ta hana shi ba ni umarni, sai ya zo kusa ya rage murya ya ce, "Heluma, in ba damuwa, wannan iccen ya karkace." In gyara. A kwana tara muka kafa rudu goma sha biyu a filin bayan sito.

Abin da na gani a jikin Tunau bayan nan shi ya karya sauran taurin kaina. Mutumin da a da yake jan ƙafa, yanzu kafin in iso ya riga ni. Ya bi rudu ɗaya bayan ɗaya, ya zura hannu har gwiwar hannu ya ji ko akwai ɗumi, ya shinshina, ya zaro wadda ta fara laushi. Da ciyawar rufi ta gaza, ya tafi Kalmalo ya kawo tasa a amalanke, babu wanda ya aike shi. Ba a ƙara masa komai ba a lokacin. Abin da aka ba shi kawai shi ne a ce wannan naka ne, mun yarda da kai. Kuma Rabi ta sa ya koya wa mutum biyu-biyu kowane rudu, aka ce su ke da shi, har ana gasar wane ne nasu ya fi tsabta.

Ruwan farko na shekarar ranar Juma'a ya zo, bayan an sauko daga masallaci, ranar da ba ma aiki. Hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Ina gida na ji kwanon maƙwabta yana kaɗawa, na fita da gudu irin na tsoho. Da na isa, iska ta riga ta yaye rufin rudu biyu. Amma ban tarar da filin babu kowa ba. Mutum ya fi goma suna can, da rigunan Juma'arsu, wasu a sama suna danne ciyawa, wasu suna jan tamfol. Ige da mata biyu suna kwashe albasar da ta jiƙe suna kaiwa ƙarƙashin rumfa. Wani ɗan dakonmu, ɗan ƙauyen Garu, ya riga ya kama hanyar gida a kan babur, ya ga hadarin ya juyo. Na tsaya cikin ruwa ina tambaya wa ya kira su. Ɗan Garun ya share fuska ya ce:

"Wa zai kira mu, Heluma? Albasarmu ta."

Shekara talatin ina tsawa, ban taɓa sa mutum ɗaya ya zo aiki ranar hutunsa ba.

Da damina ta yi nisa, lokacin da ya kamata motoci su fara ɗauka, sai aka rufe iyaka. Motoci suka yi layi a bakin hanya, direbobi suna kwana a ƙarƙashinsu. Dole albasa ta ƙara zama fiye da yadda aka shirya. Ba a jima ba wari ya fara fita daga siton kwano. Ranar da aka buɗe ƙofar ƙarfen, baƙin ruwa ne ya fara gangarowa. Ta rudu kuwa ta rage nauyi, an zubar da kaɗan, amma yawancinta tana nan jawur, ɓawonta yana ƙara in ka taɓa. Wasu cikin mutanenmu suka fara shewa, wani har ya fara rera wa Tunau kirari. A nan ne kaɗai na taɓa ganin Rabi ta ɗaga murya.

"Wanda duk ya yi dariya ba tare da ni shike ba! Wancan kayan ubana na, wanda ya gina kuma yayana na. Ku ɗauko kwanduna."

Kwana uku muna cikin warin nan muna tsamo abin da zai tsamu, Tunau a gaba. Ita ma ta ɗaure hanci da mayafi ta shiga. Lawali bai zo ba ko sau ɗaya. Na je gidansa, aka ce ba ya nan, alhali ga motarsa a ƙofa.

Alhaji ya rasu da kaka, Allah ya jiƙansa. Da aka raba gado, Lawali ya ɗauki motoci da siton kwano ya buɗe nasa, Rabi kuma ta tashi da tsohon sito da filin rudu, muka ci gaba da aiki a can. Daga ranar ya ɗauke mini ƙafa. In mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure zai yi mini sallama irin ta baƙo, ya wuce. Sallah ta zo ta wuce bai tako gidana ba, innarku ta ajiye masa nasa kwanon har ya huce. Ta yi kuka a ɓoye, na sani. Ku da kuka riƙa tambaya me ya shiga tsakanina da yayanku ina ce muku ba komai, to ga abin da ya shiga. Ban yi nadamar abin da na faɗa a ɗakin Alhaji ba, amma ban taɓa daina jin zafinsa ba.

Bayan addu'ar arba'in Rabi ta koma bakin aikinta. Ta miƙa mini makullai ta ce kada in bar da'ira ta mutu. Safiyar farko da na tsaya ni kaɗai, na tara su kamar yadda ta saba. Na yi gyaran murya na yi tambayar. Sai Ige ta ce:

"Kai ka hana mu, Heluma. Jiya ka ce a fara da jar albasa, munka fara, ka dawo ka ce wa ya ce. Munka yi aiki biyu."

Tsawa ta taso mini har maƙogwaro. Na ga idanu duka a kaina, na gane abin da suke jira su gani. Na haɗiye ta, na ce gaskiya ne, na rikice, a yafe mini. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa a bushe aka tanƙwara ni, shi ya sa kuka ji ƙara. Amma ban karye ba.

Yadda abin ya bazu kuwa, ba mu yi shela ba. 'Yan dako ne suka yi ta ɗaukarsa kamar yadda suke ɗaukar kaya. Wanda ya yi aiki da mu ya koma wani sito sai ya ce ai a wurin Heluma ana tambayar mutum. Masu situna suka ga mutanenmu ba sa gudu, kaka bayan kaka fuskoki ɗaya, sai suka fara leƙowa, har da masu yi mini tafi ranar da na ɗauki kara. Wasu sun ɗauki abin da gaske. Wasu kuwa ɓawon suka ɗauka suka bar ƙwayar. Akwai wanda ya sayi benci sabo, ya tara mutanensa kowace safiya ya yi musu huɗuba shi kaɗai har rana ta take, sannan ya zo yana ce mini tsarina ba ya aiki. Na tambaye shi cikin abin da suka faɗa wanne ya gyara. Ya ce ai ba su faɗi komai ba. Na ce yaushe ka yi shiru? Daga layinmu abin ya shiga wurin masu lodin hatsi, na ji har wani mai gidan burodi yana yi. Wani ɗan kasuwa daga Ƙonni, can tsallaken iyaka, ya zo ya zauna da mu safiya uku, ya tafi da shi. Bayan shekara biyu wani matashi mai takarda ya same ni yana ba ni shawara in gwada wata dabara ta Faransawa da ake yi a tsallake, wai ana tara ma'aikata da safe a tambaye su. Na ce masa madalla, zan duba.

Na buga wa Rabi waya na ba ta wannan labarin. Ta yi dariya har tana tari, sannan ta ce ita ma ba nata ba ne. Wata tsohuwar shugabarsu ce a asibiti ta koya mata, ita ma Allah kaɗai ya san inda ta samo. Ta ce a bar shi ya yi ta yawo, ko da sunan wa. Haka take. Amma ni na ga wadda ta zauna mako guda a kan benci tana kallo, na ga wadda ta taka katako mai rawa, na ga wadda ta shiga ruɓaɓɓiyar albasar wanda ya ƙaryata ta. Wannan ba a koyonsa a wurin kowa.

Bara, da sanyin safiya, ciwon gwiwa ya sa na bar hanyata na bi ta gajeriya, wadda ke wucewa ta ƙofar siton Lawali. Shekara biyar ina kauce mata. Da na sha kwana sai na tsaya cak. A bayan ginin shuɗin nan rudu ne a jere. A ƙofa kuma mutane sun yi da'ira, Lawali yana cikinsu, furfura ta fara fito masa a gemu, ya harɗe hannu a baya, wani ɗan dako yana magana shi kuma yana saurare. Na so in juya kafin ya gan ni, amma sandata ta bugi wani galan. Ya ɗago. Muka dubi juna. Bai ce in yafe masa ba. Ya je da kansa ya jawo benci, ya kaɗe ƙurar da hularsa, ya ajiye a cikin da'irar.

"Baffa, zamna," in ji shi. Sannan ya juya ga ɗan dakon. "Ci gaba, Malam Isa. Ina jin ka."

Na zauna har aka gama.